Rasuwar Ɗan Tasawa a Hanyar Karɓo Iri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba ya barin mutum ya ƙarasa ƙwaryar furarsa, Mamudu Na Allah na Garin Jatau, cikin ƙasar Gidan Amumune, yana sanar da dangi da surukai da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa riƙe ƙugunsa a kan hanya, rasuwar babur ɗinsa, wanda jama'a suka sani da suna Ɗan Tasawa. Ajali ya cim masa ranar Litinin, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah ta wannan shekara ta 1985, rana tana gab da tsayawa tsakiyar kai, a cikin rairayin gulbi, ana hangen itatuwan Mayahi. Ya rasu yana da shekara tara a hannun mai shi, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda ba ta cika yini guda ba.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ba a kuma nema masa gafara, an kuwa bi maganarsa. Amma bai hana a faɗi halin mamaci ba. Don haka za a faɗa, mai daɗin ji da marar daɗi.

An sayo marigayin a Tasawa shekara biyu bayan fari na farko, a kakar da wake ya yi albarka, lokacin sojoji ba su daɗe da hawa mulki ba. Shuɗi ne, mai farin tanki. Shi ne inji na farko da ya kwana a Garin Jatau, kuma tun daga ranar da ya shigo ya daina zama na mutum ɗaya. Shi ya kai uwar Ayuba, maƙwabcin Mamudu na katanga ɗaya, wurin likita ranar da kububuwa ta sare ta a gindin rumbu. Shi ke karɓo wasiƙun 'yan cin rani. Ya ɗauko likkafani, ya ɗauko goron suna, ya ɗauko rago a ɗaure a kan cinyar mai shi, bai taɓa tambayar na wane ne ba. Ba shi da tsirfar ci. Isansi, wato man fetur, na kwalba na bakin kasuwa, wanda wani lokaci rabinsa kananzir ne, haka yake shanyewa ya yi tari biyu ya wuce. Ya san rairayi kamar a cikinsa aka haife shi: inda kamyo, babbar motar kaya, ke kafewa a fito ana tura shi, Ɗan Tasawa wutsiya kawai yake kaɗawa ya fice.

Bara, da ruwa ya ɗauke hatsi bai ko fitar da kai ba, aka rufe iyaka, isansi ya koma sai wanda raƙuma suka tsallako da shi a ɓoye. Mutane suna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suna ci. A wannan hali ma marigayin bai kwana da ƙishi ba. Mamudu ya musanya akuyarsa ta ƙarshe da galan guda, don a riƙa zuwa layin magaza, rumbun gwamnati, ana ɗauko wa gari jar dawar taimako. Matarsa Zara'u ta ce masa a gidan nan babur ke fara karyawa kafin 'ya'ya, ya ce mata ba don babur ɗin ba da 'ya'yan ma ba su ga abin karyawa ba. A zaure yake kwana, a lulluɓe da tsohon bargo, mai shi kuwa yana kwance da zane ɗaya.

Babbar kyautar da Allah ya yi wa marigayin ita ce baki. Ba ya ɓoye ciwo. Da safe in yana cikin ƙoshin lafiya, tuk-tuk-tuk yake yi a hankali, kamar mai daka ɗan hatsi kaɗan ba ta son maƙwabta su ji. In buji, wato fulogi, ya yi datti, sai ya ce ƙaf, ƙaf-ƙaf, ya harba hayaƙi. In sarƙa ta saki, caras-caras. In ƙishi ya kama shi, sai ya riƙa jan numfashi, huu, huu, tun da sauran tafiya, don a juya masa rizab, ɗan isansin ajiya na ƙasan tanki. Shekara tara Mamudu yana jin wannan harshe kamar Hausa. Ya yarda da shi fiye da yadda ya yarda da wasu masu rai.

Ga yadda ciwon ajali ya fara.

Ranar Asabar ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙu har tsawon kamu guda. Gonakin Garin Jatau an share su tun kafin azumi, amma babu abin zubawa a rami, domin irin da aka ajiye an cinye shi tun watan uku. Sai sanarwa ta zo daga Mayahi cewa za a raba iri ranar Litinin, tiya biyar kowane gida. Sharaɗi ɗaya ne: wakilin gari ya kawo takardar sunaye mai hatimin mai gari kafin sha biyun rana, domin da an rufe biro, wato ofishin rabo, kamyon zai wuce wani yanki da abin da ya rage. Dokar soja ce, ba a yi mata ƙari. Gidaje goma sha biyar ne a takardar Garin Jatau, har da na Mamudu. Ba a yi wata shawara ba kan wanda zai kai ta. Mai gari ya ninke ta ya sa a hannunsa a gaban jama'a, Ayuba ya ce ai in dai Ɗan Tasawa ne, su fara wasa sungumi kawai.

Mai gyaran marigayin tun yana sabo shi ne Salifu, wanda ke da rumfa kusa da tashar Mayahi. Babu hanyar kai masa shi kafin tafiyar, tunda can ɗin ake son zuwa. Saboda haka ranar Lahadi da hantsi Mamudu ya shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ya ce zai yi masa 'yar hidima da kansa, don nauyin da zai ɗauka ba ƙarami ba ne. Ya goge buji. Ya ɗaure sarƙa ya shafa mata mai. Ya wanke soson iska ya shanya. Duk wannan ya sha yi, ba a taɓa ganin aibu ba.

Isansi kwalba uku ya rage a duniyar Mamudu, daidai zuwa da dawowa, ya juye su a tanki ya rufe. Yana sunkuye sai ƙamshi ya bugi hancinsa. Ya bi ƙamshin har ya gano daga inda yake fita: wani ɗan rami a tsakiyar murfin tankin, bai fi bakin allura ba. Shekara tara yana ganin ramin nan bai dame shi ba. Amma a wannan shekara duk abin da ke fita ba a ga inda ya tafi ba, zuciya ba ta jure shi. Mamudu manomi ne ɗan manomi. Abin da ya gada shi ne, in kana son abu ya kai maka wata shekara, ka zuba shi a tulu ka liƙe baki da yumɓu da kashin shanu, kada ka bar wa iska ko ƙofar tururuwa. Ya ɗauko ƙaro, ya tauna har ya yi laushi, ya danna shi cikin ramin da farcen babban yatsa, ya shafe, ya bar shi a rana ya bushe.

Zara'u ta fito da tsintsiya ta tarar da shi yana duban aikinsa. Ta ce, “Malam, shi wanda ya ƙera shi bai ga ramin ba ne?”

Ya ce mata ranar da ya shiga madafa yana gyara mata miya, ita ma ta zo ta gyara masa babur. Ta yi shararta ta koma ciki.

Litinin bayan sallar asuba, takarda na cikin aljihun ƙirji, Mamudu ya taka shi sau ɗaya ya tashi. Tuk-tuk-tuk. Bai taɓa yin murya mai daɗi kamar ta wannan safiya ba. A nan ne Mamudu yake riƙe da marigayin a zuciya, kuma ba zai ɓoye ba don ana cikin makoki. Da a ƙofar gida ya ƙi tashi, da Mamudu ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Tafiyar ƙafa daga Garin Jatau, in an fita da asuba, ana shiga Mayahi kafin rana ta yi zafi sosai. Amma ya tashi, ya yi dariya da mutanen da suka fito rakiya, ya ɗauki mai shi ya wuce gonakin gari da rijiyar makiyaya, sannan a tsakiyar dajin sabara, ba tari, ba jan numfashi, ya yi shiru kamar an yanke zare.

Abu na farko da duk mai babur ke yi, shi Mamudu ya yi: ya buɗe tanki ya leƙa ko isansi ya tsiyaye. Murfin ya ce tsss. Isansi na nan. Ya rufe, ya kwance buji, ya kankare shi da bakin wuƙa, ya hura, ya mayar. Bugu ɗaya ya tashi. Mamudu ya gode wa Allah, ya ce ashe buji ne.

Ba su yi nisa ba ya sake ɗaukewa. Ya buɗe tanki, tsss, isansi na nan. Wannan karo ya cire tiyon da ke kai isansi, ya sa baki ya hura har ɗacin ya cika masa maƙogwaro. Ya tashi. Ya ce ashe tiyo ne.

A tsayawa ta uku ne Bube ya cim masa. Bube Bafillace ne, tsohon abokin wasansa, wanda fari ya raba da shanu arba'in ya bar shi da jakai biyu, yana kora su zuwa kasuwar Mayahi, ɗaya da kaya ɗaya ba kowa. Ya tsaya ya jingina da sanda yana kallon Mamudu ya baje karburato a kan hularsa. Ya tambaye shi ko dokin Nasara ne ya ƙi ciyawa. Mamudu ya ce masa wanda ya kasa riƙe saniya ba shi zai koya wa mutane kiwon ƙarfe ba. Suka yi dariya, amma da Bube ya ji abin da ke cikin aljihun, sai dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, “Kaɗo, tura shi cikin sabara ka hau jakin nan. Ba mai satar abin da ba ya tafiya. Ko kuwa ba ni takardar.”

Mamudu ya dubi rana, ya dubi jakin, har ya kai hannu aljihu. Sai ya ce bari ya gwada sau ɗaya tak. Ya riga ya leƙa tanki kafin Bube ya iso. Ya mayar da karburato, ya taka, marigayin ya tashi da ƙara har jakan suka zabura. Wane ne zai hau jaki babur ɗinsa yana kuka a gabansa? Wane ne zai miƙa amanar gidaje goma sha biyar ga wani, a ce wakilin Garin Jatau ya aiko? Ya ce wa Bube su haɗu a kasuwa, zai ajiye masa fura. Ya wuce shi ya bar shi cikin hayaƙi.

Wannan tashi na uku shi ne cin amanar da ta fi kowace ciwo. Mai ciwon gaske kwanciya yake yi a san abin yi. Ɗan Tasawa kuwa ya riƙa miƙewa yana cewa ya warke, daidai lokacin da ake shirin neman wata dabara.

Ya sake mutuwa sau biyu, kowane karo Mamudu yana kwance wani abu dabam yana ɓata lokaci. Jakan Bube sun bi ta gajeriyar hanyar ƙafa, ba a sake ganinsu ba. Tsayawa ta shida ta same su a cikin gulbi, inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa. A nan hankalin Mamudu ya bar jikinsa. Ya ce tunda ba buji ba ne, ba tiyo ba, ba karburato ba, to ciwon yana can ciki. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a rairayi, ya kwance kan injin, abin da bai taɓa yi ba, abin da Salifu kansa ba ya yi sai ya yayyafa ruwa a ƙasa ya sa labule. Cikin marigayin yana buɗe sai guguwa ta taso daga gabas ta bi ta kansu. Mamudu ya kife a kan injin da ƙirji, amma rairayi ya riga ya shiga inda zai shiga. Ya goge abin da yatsa ke iya kaiwa, ya ɗaure, ya leƙa tanki, ya taka. Marigayin ya tashi da wata murya da ba a san shi da ita ba, gurrr, gurrr, kamar dutsen niƙa ba hatsi. Ya yi tafiyar da ba ta fi jifa uku ba. Ya ce ƙiiƙ. Ƙafar bugu ta ƙame, ko Mamudu ya hau ta da nauyinsa duka ba ta motsi.

Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Mamudu ya bar shi nan ya sheƙa da gudu, mutum mai shekara hamsin da bakwai, takalmi a hannu. Ya isa ƙofar biro ya tarar da ita a kulle, ga sawun tayar kamyo ya nufi yamma. Wani jandarma da ke zaune a inuwa ya karɓi takardar ya karanta sunayen duka, ya mayar masa, ya ce da ya zo da rabin awa. Bube yana can gindin itacen bedi ya daɗe da sauke kaya, har ya shayar da jakansa. Bai yi masa ba'a ba. Mamudu ya so a ce ya yi.

Da la'asar aka ɗauko gawar a amalanke zuwa rumfar Salifu. Salifu ya saurari labarin tun daga tabarmar Lahadi, yana tambaya a tsanake: in ya mutu me kake fara yi, in ya tashi tafiyar me yake yi kafin ya sake. Da Mamudu ya ambaci leƙa tanki karo na uku, Salifu ya daina tambaya. Ya kwance murfin ya juya shi a rana. Ya tsinko ƙayar aduwa daga shingen rumfa ya soka a tsakiya, ɗan ƙaro ya faɗo a tafin hannunsa, bai kai ƙwayar hatsi ba.

Ya ce, “Baba Mamudu, wa ya toshe masa hanci? Ta nan yake numfashi. In iska ba ta shiga ba, isansi ba ya sauka.”

Sannan ya duba injin ya ce fistan ya kama, rairayi ya cinye cikin silinda, kayan kuwa sai an buɗe iyaka, ko an buɗe ma ba lalle a samu irin nasa ba. Mutanen tasha suka taru suna tambayar me ya kashe shi. Salifu ya rufe hannunsa a kan ƙaron, ya ce musu tsufa ne, injin shekara tara a wannan rairayi ai ya yi ƙoƙari.

Da wannan magana Mamudu ya koma gida, ya kuma bar ta ta zauna kwana biyar. A cikin kwanakin nan ya ga abin da bai zata ba. Mutanen da marigayin ya yi wa hidima shekara tara suka juya masa baya a yini ɗaya. Aka ce dama ƙarfen Nasara ba shi da alkawari. Aka ce an ciyar da shi da akuya ya saka da yunwa. Ayuba, wanda uwarsa ke raye har yau saboda gudun Ɗan Tasawa, ya tsaya a bakin zaure ya yi wa bargon da ake lulluɓa masa Allah ya isa. Ga Mamudu kuwa sai tausayi. Ana zuwa ana ce masa ya yi haƙuri, ba laifinsa ba ne, ya yi gudu har ƙafarsa ta fashe. Kowace gaisuwa sai ta zauna masa a ƙirji kamar dutse. Zara'u kaɗai ba ta gaishe shi ba. Tana ajiye masa abinci ta koma.

Saboda haka ake sanar da jama'a a rubuce, don kada a ce ba a ji ba: ba tsufa ne ya kashe Ɗan Tasawa ba. Salifu ya faɗi haka ne don ya rufa wa dattijo asiri, Allah ya saka masa. Mamudu Na Allah ne ya toshe ramin da hannunsa, matarsa ta yi magana ya kore ta. Shi ne ya ƙi jakin Bube. Shi ne ya buɗe cikin inji a tsakiyar gulbi. Wanda ke da Allah ya isa, ga inda zai kai ta.

Duk da haka Mamudu bai janye ƙorafinsa a kan marigayin ba. Wanda ya iya faɗin ciwon buji da na sarƙa, ya iya kukan ƙishi tun da nisa, a ranar da ta fi kowace rana sai ya rasa abin cewa in ban da tsss, a can ƙasa-ƙasa, lokacin da hankalin mai shi ke kan isansi. Ana roƙon duk wanda marigayin ya ɓata wa ya yafe masa. Mai shi yana ƙoƙari, bai kai ba tukuna.

Ya rasu ya bar tayoyi biyu, ta gaba da sauran ƙarfinta. Da sarƙa sabuwar ɗauri. Da madubi ɗaya, ɗan'uwansa ya riga shi tun shekarar da suka yi karo da tunkiya a Attantane. Da famfo, da kile uku na kwance ƙarafa. Da isansi wajen kwalba biyu wanda bai sha ba. Ya kuma bar gonaki goma sha biyar a share, danshin ruwan farko yana ƙafewa a cikinsu.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da hantsi a ƙofar gidan Mamudu. Ba za a haƙa rami ba. Ishaƙu maƙerin Attantane, wanda ke haɗa amalanke, zai zo ya ɗauki gawar duka, da tayoyi da ƙashi da isansin da ya rage, ya sauke hatsin iri tiya ashirin da takwas daga abin da ya ɓoye tun kakar da ta gabaci ta bara. An roƙe shi ya cika talatin, ya rantse ba shi da su. Za a raba tiya biyu-biyu ga gidaje goma sha huɗu. Bai kai rabin abin da aka rasa ba, an sani. Sunan gida na goma sha biyar an cire shi, mai gidan ne ya cire, ya kuma gaya wa Zara'u kafin ya gaya wa kowa. Ta ce ta ji, za ta tafi Kona wurin ƙannenta ta ga ko za a samu ko cikin ludayi ne.

Mai gari zai riƙe tiya, Liman zai tsaya shaida. Mamudu zai zauna a bakin zaure, wanda ke da magana ya faɗa masa a fuska. Mai zuwa gaisuwa kada ya kawo goro, ya zo da ƙwarya. Ba za a yi zaman uku ba, balle na bakwai, domin tun jiya hadari ke haɗuwa a gabas. Wanda ya karɓi nasa ya wuce gona.